Rigar da Aka Ce In Tuɓe

Zuwa ga 'yata Hannatu, Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da abokan tafiyarki da mutanen garin da suka sauke ku. Ubangiji ya tsare ki daga zazzaɓin baƙon wuri, da ruwan da cikinki bai saba da shi ba, da mugun mutum mai yawan fara'a. Mu nan lafiya lau. Uwarki ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kamar kullum. Na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. In kin ga wani wuri ya yi taushin da ba ki san ni da shi ba, to nata ne, ki cire shi.

Ba zan cika ki da labarin gida ba. Gero ya yi kai, akuyoyi suna nan, sauran direban da zai kawo miki takardar nan zai gaya miki.

Kwana tara, Auta. Tun daga ranar da kuka bar Maiduguri kuka nufi Chadi, kwana tara ba mu ji ɗuriyarki ba. Uwarki ta daina cin abinci, ni kuwa ina ci a gabanta don ta ga ban damu ba. Kullum da hantsi sai in ɗauki wayarta in ce zan je duba gona. Kin san gonarmu tana gabas, tudun da waya ke kamawa kuma yana yamma, kan hanyar Baure. Duk ƙauyen nan sun ga inda nake nufa, ba wanda ya ce mini uffan. A rana ta goma Fasto ya shigo gidan nan ko sallama bai gama ba, yana ɗaga wayarsa sama, ya ce ga muryarki. Na ce masa ya ajiye, in na gama gyaran igiyar nan zan saurara. Igiyar ba abin da ya same ta.

Sau uku na sa aka maimaita mini. Na ji kin ce kun isa lafiya, mota ce ta lalace, kuma garin ba ya kama waya sai an hau dutse. Na ji kuma abin da kika faɗa a ƙarshe: "Baba, motar da za ta kawo mana ƙarin littattafai za ta juyo ƙarshen wata. In har yanzu ranka bai so zamana a nan ba, ka aiko a gaya mini, zan biyo ta in dawo. Ba zan iya tsayawa gaban 'ya'yan mutane ina koya musu biyayya ba, alhali ubana yana fushi da ni."

To, motar ce za ta kawo miki wannan takarda. Amsar tana ciki. Amma sai kin bi ni a hankali, don akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, kuma ba na son ki ji amsar kafin ki ji shi.

Kin sha tambayata me ya sa ban yi makaranta ba, nakan ce miki kiwo ne ya hana. Ba kiwo ba ne. Na yi makaranta wata huɗu. A lokacin ina ɗan shekara takwas ko tara, masu bishara sun buɗe aji a gindin tsamiyar da ke bayan cocinmu, wani Malam Bitrus yana koyarwa. Na fi kowa kama karatu, wannan ba yabon kai ba ne, ki tambayi duk wanda ya rage a cikin tsarana. Wata rana aka ce gobe baƙi za su zo daga ƙasar Turawa su ga yaran da suke taimaka wa. Kakarki ta rasa inda za ta sa kanta. Riga ɗaya gare ni, ta yage daga kafaɗa har ciki. Ta tafi ƙauyen da ke gaba da mu a ƙafa, ta aro rigar ɗan ƙanwarta, fara, mai ɗan aiki a wuya. Ta wanke ni da soso har fatata tana zafi, ta shafa mini man gyaɗa, ta ce, "Yau za su san kai ɗan mutane ne."

Baƙin suka zo, su huɗu, da mai yi musu tafinta. Suka raba alli da allo, suka yi mana waƙa, muka yi musu. Wata mace a cikinsu mai na'urar hoto ta dube ni ta yi murmushi, ta yi magana da tafintan. Na ɗauka rigar ce ta burge ta. Sai ya ce mini, "Kai yaro, ba kai ne mai yagaggiyar rigar nan ba? Ruga gida ka sako ta. In mutanensu suka ga yara tsaf haka, ba za su aiko da komai ba."

Na ruga, don yaro ne ni, an aike ni. Kakarki tana bakin murhu. Ta ce lafiya? Na gaya mata. Ita da kanta ta tuɓe mini farar rigar, ta ninke, ta miƙo mini tsummata. Fuskarta ta ranar, Auta, har gobe in na rufe ido ina ganinta. Aka tsayar da ni jikin tsamiya aka ɗauke ni hoto, aka ce kada in yi dariya.

Ban san ko matar nan ta san abin da tafintan ya faɗa mini ba. Uwarki ta ce wataƙila ba ta sani ba. Ni dai na ce ta sani, kuma a haka za a rubuta.

Shi ya sa ranar da kika zo kika ce ikilisiya za ta aike ku wata ƙasa ku koyar da yara, kika nuna mini sabuwar wayarki mai ɗaukar hoto, ban ji sauran bayaninki ba. Ban ga 'yata a gabana ba. Matar nan na gani. Don haka ga gargaɗina na farko, kuma in kin manta da duk sauran kada ki manta da shi: duk yaron da ya zo gabanki, wata ce ta shirya shi. Ko da tsumma ya zo, an wanke tsummar. Kada ki nuna wa duniya yaro a kamannin da uwarsa ba za ta so a gan shi ba. In shugabanku ya ce ana bukatar hoton da zai sa mutane su ji tausayi, ki ce ya ɗauki rufin ajin da ke yoyo. Rufi ba shi da uwa.

Amma kada ki ɗauka na kawo labarin nan don in wanke kaina. Laifin matar ya ƙare a wuni ɗaya. Nawa ne ya yi shekara sittin. Washegari na ƙi komawa aji. Malam Bitrus ya zo gidanmu har sau uku. Na farko na haura katanga, na biyu na ce cikina ke ciwo, na uku na shige rumbu na ja murfi. Ina jinsa daga ciki yana cewa, "Ayuba, fito. Ba don su kake karatu ba, don kanka ne. Sun tafi, ba za su ƙara tunawa da kai ba." Na ƙi fitowa har ya gaji ya tafi. Gaskiya ya faɗa. Sun tafi abinsu, ni kuwa ga ni yau, wasiƙar da zan aika wa 'yar cikina sai ta bi ta hannun wata, tana yi tana taɓe baki. Na yi fushi da mutanen da ke bayan teku, na hukunta kaina a gindin tsamiya. Saboda haka in wani yaro ya daina zuwa ajinki, kada ki ce malalaci ne. Ki je gidansu. In kin je sau uku bai fito ba, ki je na huɗu. Da Malam Bitrus ya dawo na huɗu da na fito, don rumbun nan zafi gare shi, kuma na riga na fara kewar allona. Wannan ma ina riƙe da shi a kansa, Allah ya ji ƙansa.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don a nan ni ne mai na'urar hoton.

Kin san Baffanki Idi, yayana, ya musulunta tun yana saurayi, ni na tsaya a coci. Ba mu taɓa faɗa a kan haka ba, sai dai tsokana. Kin kuma san mun yi shekaru ba ya cin abincin gidana, ba na cin na gidansa, kuna yara kuna tsammani addini ne. Ba addini ba ne. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gonarsa ta tudu ta ƙone ƙurmus, tawa ta kwari ta ɗan yi. Na ji labarin yaransa suna kwana da kunun dusa. Na ɗaura dami biyu a jaki. Har nan ban yi laifi ba. Amma maimakon in bi ta bayan gida, sai na bi ta dandali, bayan la'asar, daidai lokacin da maza suka fito masallaci suna zaune a kan tabarmi. Na tsayar da jaki na ɗaga murya na ce, "Yaya, ga na yara. A dai riƙa tunawa daga gidan Kirista ya fito."

Wasa na nufa, ko dai rabinsa wasa. Ba wanda ya yi dariya. Baffanki ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Ayuba, mun gode. Mayar da abinka, mun ƙoshi." Na dawo da jakina ina huci, ina gaya wa kowa girman kai zai kashe masa 'ya'ya.

Kin san yadda ake yi a garin nan, ni ma na sani tun ina yaro. In ɗan'uwanka ya rasa, ba ka cewa ka kawo masa taimako. Cewa kake rumbunka ya cika, ko gara ta shige shi, don Allah ya ajiye maka wannan a wurinsa. Shi ya san ba za ka dawo nema ba, kai ma ka sani, amma ya karɓa a matsayin wanda ya yi maka alfarma, kansa a ɗage. Na san wannan sarai. So nake a gani. Sai bayan shekaru na gano cewa geron nan ya isa gidan Baffanki duk da haka, kwano kwano, a ƙarƙashin mayafin uwarki, wai gara ta addabi rumbunmu. Ni kuwa ina ta zagin ɓeraye. Ga ta nan tana dariya har biro ya faɗi. Ɗauki ki rubuta, ba abin dariya ba ne, sata ce.

To, ke ma kin tafi da kaya a hannu, littattafai da alli da magani. Ki kula da ta inda kike bi da jakinki. Kada ki tara gari kafin ki ba mutum abu. Kada ki sa yaro ya ambaci sunan Yesu don ya sami fensir. In ya ambata don fensir, ranar da fensir ya ƙare ya gama. Ki ba na coci, ki ba na masallaci, ki ba wanda ba ya zuwa ko'ina, hannu ɗaya. Kuma ki bar su su ba ki. Wannan ne ya fi wuya. Na ji kin ce wata tsohuwa ta ja ki har ɗakinta, ba kya jin yarenta ba ta jin naki, ta zuba miki ruwa a ƙafa don ta ga ta kumbura, ta ba ki tuwon dawa da miyar kuɓewa, kuka ci kwano ɗaya. Kin ce a ɗakin nan kika ji kusancin Ubangiji fiye da duk wata sujada da kika taɓa yi, har kika yi kuka, ita kuma ta ɗauka yaji ne ya yi yawa. Ban yi karatu ba, amma wannan na gane shi. Ki riƙa komawa ɗakin. Kada ki je da ruwanki a gora kina kurɓa a gabanta. In cikinki ya ɓaci kwana biyu, zai daidaita.

Ga wani ƙarami, uwarki ce ta matsa sai na faɗa. Shekarar da aka zaɓi dattawan ikilisiya aka tsallake ni aka ɗauki mutumin da ni na koya wa riƙon garma, na koma bencin baya kusa da ƙofa, ban ƙara zama gaba ba. Har yau ina ganin ba a kyauta mini ba. Sai dai kunnena ya yi nauyi, daga can baya ba na jin wa'azi, shekara da shekaru ina cewa amin a kan abin da ban ji ba. Ku ma a can za a yabi wani a kan aikin da ke kika yi. Ki ji haushi kwana ɗaya, ya isa. Kada ki koma bencin baya.

Yanzu sai ranar tafiyarki. Kin durƙusa a ƙofar ɗakina da jakarki, kika ce, "Baba, zan tafi, ka sa mini albarka." Yayyenki duka, ranar da kowannensu zai bar gidan nan, na ɗora masa hannu a ka, na raka shi har bakin titi. Ke na bar ki a durƙushe, na ɗauki fartanya na fita ta baya. Na ji ƙarar motar daga gona. Ban yi noman komai ba ranar, zama na yi. A kwana taran nan abin da ya fi ci mini rai ke nan: in wani abu ya same ki a hanya, abin da kika gani na ƙarshe a wurin ubanki ƙeyarsa ce. Addu'ata ma ta koma rigima. Na ce, "Ubangiji, ni na yi laifi, ni za ka kama. Yarinyar nan aikinka ta tafi, ka san da haka."

A rana ta shida Baffanki ya zo. Ya same ni a kan tudun nan da waya a hannu. Ya zauna, ya dubi tudun, ya ce, "Wannan ce gonar taka? Geron ya yi kyau."

Na ce, "Yaya, in tsokana ta kawo ka, koma."

Ya ce, "Na sa an yi wa Auta addu'a a masallaci da asuba. In ta gidan Musulmi ba ta karɓuwa a wurinka, sai in mayar da abata."

Shekara nawa da maganar jakin nan, ashe yana ajiye da ita yana jiran rana. Na ce masa, "Bar ta. Ajiye mini ita a wurinka, nawa rumbun ya cika." Ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, daga nan kuma ban san yadda aka yi ba na ga ina share ido da hular kaina. Ranar a gidan nan ya ci tuwo. Ya ce miyar ba gishiri. Uwarki ta ce a rubuta cewa ƙarya yake.

Saura hoton da kika aiko tare da muryar. Da Fasto ya ce akwai hoto, gabana ya faɗi. Na karɓi wayar na kai ta kusa da ido, ina neman yaron da aka tsayar a jikin bishiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na ga yara sun fi ashirin, kowa da 'yar rigarsa, wata yarinya har da ɗankwali ja ya fi kanta girma, da gani na uwarta ne. Duk bakinsu a buɗe, dariya suke. Mutum ɗaya ne kawai a hoton ya yi kaca-kaca, laka har gira, zane a karkace, yana ɗauke da tubali a ka. Na ce wa Fasto, "Wannan mahaukaciyar fa?" Ya ce, "Baba Ayuba, ai 'yarka ce, ginin aji suke." Ashe ke suke yi wa dariya.

Auta, na yi shekara sittin ina jiran ganin hoton da baƙo ne ya sha kunya a ciki, 'yan gari suna tsaye da mutuncinsu. Ban taɓa zaton daga gidana zai fito ba. Ban gaya miki labarin rigar ba, amma ga shi kin yi kamar kin sani. Uwarki ta ce ita ta rene ki shi ya sa. A bar mata.

To ga amsa. Kada ki biyo motar nan. Ki zauna ki gama abin da ya kai ki. In kika dawo ƙarshen wata saboda ni, wata sabuwar rigimar za ki tarar, kuma kin san ba na gajiya.

A cikin ƙunshin da direba zai ba ki akwai ƙuli-ƙuli da yajin uwarki, akwai dabino daga Baffanki. A ƙasa akwai wata 'yar farar riga mai aiki a wuya, na sa tela ya ɗinka ranar kasuwar Baure, daidai yaro ɗan shekara takwas ko tara. Ki duba cikin ajinki, za ki gane shi, yana zama a gefe yana rufe kafaɗa da hannu. Kada ki ba shi a aji. Ki kai wa uwarsa, ki sa a gaya mata jakarki ta cika, ta taimaka ta ajiye miki. Kuma kada ki aiko mini da hotonsa. Ba na bukata.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya sa mutanen garin su riƙe ki kamar tasu, ya ba ki haƙuri da yaran mutane, ya kiyaye hanyar da za ta dawo mana da ke in lokaci ya yi. Ki gai da tsohuwar nan, ki ce wani tsoho a ƙasar Daura ya gode da ruwan da ta zuba wa ƙafar 'yarsa.

Uwarki ta ce za ta rubuta sunana a ƙasa, na ce a'a. Na sa ta shafa mini baƙin tukunya da ɗan mai a tafin hannun dama, na danna a bayan takardar nan. Ki juya za ki gani, yatsa biyar, ɗaya a karkace inda garma ta taɓa karya shi. Hannun da na hana ki ne ranar da kika durƙusa. Ki sami wurin da ba kowa, ki ɗora shi a kanki. Allah ya yi miki albarka, Hannatu.

Ni ne ubanki,
Ayuba